Na Ce Babu Sharaɗi, Alhali Takardar 'Yata Tana Aljihuna

Zuwa ga Ummu Wa'il,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe, ki ba ni shawara, saura mako uku abin da nake tsoro ya tabbata. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne. Shekara ashirin da biyu na yi a soja, na yi ritaya, na ƙara goma ina tuƙa motar 'yan makaranta. Duk tsawon lokacin nan matata ce take karanta wannan shafi naki, ni kuwa ina yi mata tsiya ina cewa filin masu kuka ne. To yau ga ni na shigo layi. Sunayen da za ki gani duk na sauya su, amma duk wanda ya san ƙauyenmu a gefen Ajlun, nan ƙasar Jordan, zai gane ni, kuma na daina damuwa.

Abu Salim ake kirana, wato uban Salim, amma ban haifi Salim ba. Sunan mahaifina ne aka laƙaba mini tun ina saurayi, ana jiran ɗan da zan sa wa sunan, ɗan bai zo ba. Mata uku Allah Ya ba ni, kuma wallahi ban taɓa raina kyautarSa ba. Babbarsu Majdulin, shekararta ashirin da tara, likitar dabbobi ce. Ki tambayi duk mai tumaki daga nan har gangaren kwari, ya san farar motarta da takalmanta na roba. Tsofaffin da suka ce ba za su bar mace ta taɓa musu garke ba, yau su ne suke aiko mana da cuku da man zaitun. Idan na shiga kasuwa aka ce ga baban likita, sai in ji na ƙara tsawo.

Ta dalilin saniya ma aka samu mijin. Saniyar wata mata a ƙauyen da ke gabanmu haihuwa ta gagare ta, Majdulin ta zura hannu har kafaɗa ta juyo da ɗan maraƙin, uwa da ɗa suka tashi. Matar nan ta yi ta sa mata albarka, ta koma ta ce wa ɗanta Ra'id ta gano masa mata. Malamin lissafi ne a sakandare, yaro mai sanyin hali, ba ya shan ko taba. Suka ga juna, suka yi watanni suna magana da saninmu, suka daidaita. Ban tilasta wa kowa ba, ki rubuta wannan a gefe, domin shi kaɗai ya rage mini na kare kaina.

Ranar da tawagar neman aure za ta zo, a kuma ɗaura a zama ɗaya, bayan karin kumallo Majdulin ta miƙo mini wata 'yar takarda. Irin wadda take rubuta wa makiyaya magani a kai ce, har da hoton kan rago a sama. Layi ɗaya ta rubuta: za ta ci gaba da aikinta bayan aure, ba wanda zai hana ta. Ta ce in ma'azuni, malamin da kotu take turowa da littafin aure, ya zo gurbin sharuɗɗa, in karanta masa ya rubuta. Na ce mata mene ne na takarda tunda yaron ya yarda da bakinsa, har ya ce ko goma take so ta rubuta? Ta ce ta sani, amma dai in karanta. Na yi dariya, na ce an gama, na saka a aljihun kwat ɗina mai ruwan toka.

Kin san yadda zauren dangi yake a irin wannan rana. Maza sun fi tamanin, namu da nasu, kowa ya gyara rawani. Aka zuba wa babbansu gahawa, baffan Ra'id ne, Abu Hayil, ya ajiye kofin a gabansa bai sha ba. Ya miƙe ya yabi kakanninmu har waɗanda ni kaina ban san sun yi abin yabo ba, ya nemi yarinya. Na ce su sha gahawarsu, sun samu abin da suka zo nema. Aka karanta Fatiha. Ma'azuni ya buɗe littafi ya yi ta tambaya yana rubutawa, har ya ɗago kai ya ce, akwai sharaɗi?

Hannuna yana cikin aljihu, 'yar uwa. Yatsuna biyu suna riƙe da takardar. Kafin in buɗe baki Abu Hayil ya tuntsire da dariya ya ce, "Sharaɗi kuma, Malam? 'Yar mutunci muka zo ɗauka daga gidan mutunci, ba motar haya ba." Zaure ya ɗauka da dariya, ido ya dawo kaina. Na dubi Ra'id ko zai ce wani abu, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon kafet. Sai na ji bakina yana cewa, "Babu. Mu mutum muka ba wa 'yarmu, ba takarda ba."

Aka yi ta cewa Allah Ya ƙara girma, Abu Salim, haka manya suke. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke: na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Mutumin da ya yi shekara talatin ana yi masa kallon tausayi don ba shi da ɗa namiji a bayansa, ranar nan maza tamanin suka jinjina masa. Ma'azuni ya ja layi a gurbin, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Aka kai littafin ƙofar ɗakin mata da shaidu biyu. Guɗa ta cika gida, goggonninta sun danne ta ta kowane gefe. Ta ɗago ido ta dube ni ta saman kafaɗar ma'azuni, tambaya ce take yi, na kuma gane tambayar. Na gyaɗa mata kai. Ta sa hannu ba ta karanta ba, don babanta ya gyaɗa kai. Aka raba kunafa, kayan zaƙin ɗaurin aure, ni ma na ci.

Da kwafin takardar auren ya zo, na kulle shi a durowa tare da takardun fanshona. Na ce wa zuciyata yaron kirki ne, ba za a taɓa buƙatar buɗewa ba. Wata huɗu muka yi haka, an ɗaura aure ba a tare ba, ana gyara musu ɗakuna a saman gidan uwarsa, an kama zauren biki, an buga kati.

Sai ranar da suka je zaɓen labule. Uwar Ra'id, ita dai matar mai saniya, ta ce wa Majdulin cikin raha ta fara sallama da shanu, don surukarta ba za ta riƙa yawo tsakanin makiyaya tana dawo wa ɗanta da warin garke ba. Majdulin ta yi dariya ta ce ai wannan a rubuce yake. Ra'id ya ja ta gefe ya ce mata ba a rubuta komai ba, babanta da kansa ya ce babu a gaban mutum tamanin. Ya ce shi ya ɗauka ita ce ta janye, ya ji sanyi a ransa, har ya tabbatar wa uwarsa da baffanninsa, kuma yanzu ba zai iya komawa ya zama ƙaramin mutum ba. Ya ce zai buɗe mata shagon maganin dabbobi a ƙasan gida, ta zauna a inuwa a riƙa zuwa ana saye.

Ta dawo gida da la'asar, ina ba itacen ɓaure ruwa. Ta ce in ba ta kwafin. Na buɗe durowa na ba ta, ta daɗe tana kallon layin nan. Ta tambaye ni me ya faru. Ni kuwa, tsohon soja, na dubi 'yata na ce wai na manta takardar a aljihun wata rigar, abin ya zo da sauri. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar ta miƙo mini, ta ce, "To, Abu Salim."

Tun daga ranar ba ta sake ce mini Baba ba. Tana kawo mini shayi, tana tuna mini maganin hawan jini, tana gaishe ni safe da yamma, amma Abu Salim, kamar yadda mai kantin bakin titi yake kirana. Da sunan ɗan da ban haifa ba 'yata take kirana, kuma na san ta san abin da take yi.

Da ta tayar da rigima da na samu sauƙi. Na yi zaton za ta ce sai an sake ta, har na fara shirya abin da zan ce. Ina! Ta gaya wa uwarta za ta tare ranar da aka sa. Ta ce ba za ta zama bazawara a takarda ba tun ba ta taka gidan miji ba, a riƙa nuna ƙannenta da baki, kuma ba za ta kunyata mutumin da aka jinjina wa a zaure ba. Ta rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakarta, ranar Lahadi ta ƙarshe kafin biki za ta miƙa. Takalmanta na roba ta ba wata abokiyar aikinta. Shekaranjiya wani makiyayi ya zo har ƙofar gida da tunkiya a bayan mota, ta duba ta, ta yi mata allura, ta ce masa daga wata mai zuwa ya nemi wani. Mutumin ya tsaya yana dubana kamar ni zan yi masa bayani, na shige gida.

Na je wa yayana da maganar. Ya ce in bar shirme, bakin alƙalami ya bushe, yarinya ce, da ta haihu ɗaya za ta manta da tumaki. Na dawo na maimaita wa matata, ina neman ta ce haka ne. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Haka aka ce a kaina." Na ce a kanki kamar yaya? Ta tuna mini cewa lokacin da na aure ta ta samu gurbi a kwalejin horon malamai, mahaifina ya ce ba yanzu ba, ni kuma na yi mata alkawari a ƙarƙashin inabin gidansu cewa da ta yaye ɗan fari zan kai ta da kaina. Ummu Wa'il, na rantse miki da Allah na manta. Ban ƙi ba, mantawa na yi, shekara talatin da ɗaya. Ita ba ta manta ko kwana ɗaya ba. Ita ce ta ce wa Majdulin kada ta yarda da alkawarin baka, ko daga bakin wa ya fito, ta sa a rubuta. Kuma ita ce ta ce mata ta ba babanta takardar, don babanta ba zai ci amanarta ba.

Da can ina cikin masu cewa 'yan matan yanzu sun mai da aure kwangila, komai sai an sa hannu, mu a zamaninmu kalmar namiji ta isa, ga shi mun zauna lafiya. To wa ya zauna lafiya? Ni na zauna lafiya. Yanzu na daina faɗin wannan magana.

Na rasa inda zan sa kaina. In na koma wa mutanen nan na ce akwai sharaɗi, na zama wanda ya yi amai ya lashe, ba zan ƙara ɗaga kai a zauren dangi ba, kuma Abu Hayil irin mutanen nan ne da za su ce a saki yarinyar don kawai a nuna mini iyakata. In na yi shiru, ranar Juma'a ta uku za a ci mansaf, shinkafa da naman ragon biki, a yi rawa, in kama hannunta in fitar da ita, kuma na san wadda zan miƙa musu ba Majdulin ɗina ba ce. Abinci ba ya shiga. Takardar sharaɗin tana nan a aljihun kwat ɗin, ban iya yaga ta ba, ban iya fito da ita ba. Shi nake sawa in je masallaci, in ina sahu hannuna yana taɓa ta. Ina ganin na riga na rasa 'yata, ko na yi gaba ko na yi baya. Ki gaya mini ko akwai sauran abin yi, in kuma babu, ki faɗa mini gaskiya in haƙura.

Naki cikin baƙin ciki,
Uban Mata Uku, daga gefen Ajlun

* * *

Ɗan uwana Abu Salim,

Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa filin masu kuka, akwai wurin zama. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan ce maka ka haƙura ba, don haƙurin da ake nema a nan ba kai za ka biya shi ba, 'yarka ce.

Na san zauren nan. A irinsa aka ɗaura nawa auren, kuma na san maza da yawa masu ƙaunar 'ya'yansu da dariya ɗaya ta kayar da su kamar yadda ta kayar da kai. Wannan rauni ne, ana yafe shi. Abin da ya fi nauyi shi ne gyaɗa kan da ka yi a ƙofar ɗaki, da ƙaryar da ka yi a gindin ɓaure. Kana tsammanin macen da take gane ciwon dabbar da ba ta magana ba ta gane ba ka manta da komai ba? Ta gane sarai. Ba layin ma'azuni ne ya cire maka sunan Baba ba, wannan ƙaryar ce.

Don haka daga nan za ka fara, yau, ba gobe ba. Ka fito da takardar daga aljihu ka ajiye a gabanta. Ka gaya mata abin da ka gaya mini, har da daɗin da ka ji. Kada ka nemi ta yafe maka a zaman, kada ka yi kuka har ta koma tana lallashinka. Sannan ka tambaye ta me take so, ka rufe bakinka ka saurara. Sau ɗaya ka yanke mata hukunci ba da saninta ba, kada ka sake, ko da niyyar gyara ne. Ka kuma gaya mata cewa kai da ƙannenta ba ku nemi ta yi layya da kanta don ku ba. Shirun da ta yi ba yarda ba ne, fushi ne da ya rasa ƙofa, kuma wadda ta shiga gidan miji da irin wannan fushi, ita da mijin duka za su sha wuya.

Shi ma Ra'id a yi masa adalci. Ya ji waliyyin yarinya ya ce babu da bakinsa, ba laifi ba ne ya ɗauka ta janye. Laifinsa shi ne ya ji daɗin abin har bai tambaye ta ba wata huɗu, kuma ya kalli kafet lokacin da ya kamata ya yi magana. Ka ga kenan ciwonku ɗaya da shi, ku biyun tsoron zaure ne ya kama ku. Shagon da ya ce zai buɗe ya nuna ba mugu ba ne, kuma mai yiwuwa akwai tsakiyar da za su haɗu, kamar rage nisan tafiya ko yawan kwanaki. Amma wannan tsakaninsa da ita ne, su zauna su biyu ba uwa ba baffa. Uwarsa kuma tsoron bakin mutane take yi, irin wanda ka ji, sai dai a tuna mata da ladabi cewa hannun da take ƙyama shi ya tayar mata da saniya.

Ni ba lauya ba ce, amma kada ka yarda da maganar yayanka cewa alƙalami ya bushe tun ba ka tambaya ba. Ka je kotun shari'a ta yankinku, ko wurin lauya mai harkar iyali, kai da Majdulin, ku tambayi yadda ake rubuta yarjejeniya tsakanin ma'aurata bayan an ɗaura, da irin ƙarfin da take da shi. Ta riƙe takardar barin aikin nan a jaka tukuna. In mako uku bai isa ba, a ɗaga biki. An sha ɗaga biki don kakar wani ta rasu, duniya ba ta tashi ba.

In ta ce tana son sharaɗinta, to ga aikinka. Ka ɗauki mutum biyu ko uku masu hankali, ka je gidan Abu Hayil da rana tsaka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka ce musu ba yarinya ce ta sauya magana ba, ba kuma yaronsu ba, kai ne aka ba amana ka ɓoye don kunya. Za a yi maganarka a ƙauye, babu shakka, wata ɗaya ko biyu, har wani ya yi abin da ya fi naka. Kuma ba zan ɓoye maka ba, suna iya cewa a rabu. In Ra'id ya zaɓi ya sake ta a kan ya sa hannu a abin da ya riga ya yarda da bakinsa, to kun ga amsarku tun kafin a kai kaya, kuma zafin wannan bai kai na shekara talatin da ɗaya ana tsince shinkafa ana tunawa ba.

Wannan ya kawo ni kan matarka. Ita ma tana jiran magana daga bakinka, ta daɗe tana jira. Kwalejin ta wuce, amma "na zalunce ki" ba ta wuce ba.

Ba zan yi maka alkawarin Majdulin za ta sake ce maka Baba ba. Mai yiwuwa ta ce, mai yiwuwa a daɗe, mai yiwuwa abin da ya fashe ya bar tabo har abada. Ba don ka sayi sunan za ka je ba, don hakkinta ne. Ranar nan Abu Hayil ya ajiye kofi a gabansa, ya ƙi sha sai da ka ba shi 'yarka. Kai ma in ka shiga gidansa za a zuba maka gahawa. Ka karɓa da hannun dama, ka ajiye a gabanka, ka fito da 'yar takardar mai hoton kan rago ka karanta da ƙarfi. Kada ka sha sai an rubuta.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya zaɓa wa Majdulin abin da ya fi alheri, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta.

'Yar uwarka,
Ummu Wa'il